Dutsen Zuma: Haja Ne Ko Amana?

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 100 wadda aka fara fitarwa a shekarar 1999 ya riƙe Dutsen Zuma a tafin hannunsa. A gaban takardar akwai hoton Cif Obafemi Awolowo, a bayanta kuwa ga dutsen nan zaune kamar giwa ta durƙusa. Da wannan takarda ake sayen gishiri da ashana, ita ce kuma yara sukan saka a kwanon baiko ran Lahadi. Shekara da shekaru ana musayar hoton dutsen hannu da hannu, har ido ya saba ganinsa a jikin kuɗi. Yanzu da maganar yawon buɗe ido take ƙara ƙarfi a bakin hukumomi da 'yan kasuwa, tambayar da ke kwance a bayan hoton ta fito fili. Shin dutsen da kansa kuɗi ne? Idan halal ne a ci abinci da shi, wane ne zai ci, ta wace hanya, kuma ina ne iyakar cin?

Wani zai ce wannan magana ce ta masu safiyo da ma'aikatan tsara birane, ba ta shafi mujallar ikilisiya ba. Amma kafin a zana layi a takarda, an riga an yanke hukunci a zuciya game da abin da ya fi muhimmanci da wanda za a iya mantawa da shi. Wannan hukunci kuwa sha'ani ne na gaskiya da adalci, saboda haka ya shafi kowane gida na masu bi da ke Suleja da kewayenta.

Dutsen da mutanensa

Dutsen Zuma yana gefen babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Kaduna, kusa da Madalla, tafiyar 'yan mintoci daga Suleja. Dunƙulallen dutse ne guda ɗaya, ana ƙiyasta tsawonsa da kimanin mita 300 daga filin da ke gindinsa, wato wajen mita 725 daga matakin teku. Mutane da yawa suna zaton a cikin Babban Birnin Tarayya yake, har suna yi masa kirari da ƙofar Abuja, amma a ƙasar Jihar Neja yake tsaye.

Tun kafin a shimfiɗa kwalta a gefensa, Koro da Gbagyi suna zaune a ƙasar, suna noma, suna farauta, suna fakewa a duwatsu idan mahara suka taso. A farkon ƙarni na 19, da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya gangaro kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa, Abuja. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 domin sabon babban birni, kaso mafi girma daga Jihar Neja. Sabon birnin ya ɗauki sunan tsohon garin, tsohon garin kuma aka raɗa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A ranar 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja.

Tun daga lokacin jama'a suke ta kwararowa. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da lebura waɗanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu a Abuja, a Suleja da Madalla da Zuba suke kwana, su yi sammako su tafi aiki. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo wasu. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Suleja sun haura dubu 200, kuma ba a daina zuwa ba. Gona ta zama fuloti, fuloti ya zama gida, dajin da tsofaffi suke ba da labarin ya taɓa rufe gindin dutsen ya ja da baya ƙwarai. Wannan shi ne halin da maganar yawon buɗe ido ta tarar. Ba a kan filin Allah da babu kowa za a yi tsarin ba. Za a yi shi ne a wurin da kowane taku yake da mai shi, ko mai tarihi a kansa, ko mai sa ido a kansa.

Kurakurai biyu

Akwai hanyoyi biyu da mai bi zai iya ɓata wajen duban dutse irin wannan.

Na farko shi ne tsoro. A jikin Zuma akwai wasu ramuka da zane-zanen da ruwa da iska suka yi, waɗanda suka yi kama da fuskar mutum. Akwai kuma labarai iri-iri da ake gada baki da baki, na iskoki da wutar da ake cewa takan tashi a kansa da damina. Saboda haka wasu iyaye Kirista ba sa son a ambaci wurin ma, balle su kai yaransu. Littafi Mai Tsarki bai koyar da wannan tsoro ba. Sura ta farko ta Farawa ta nuna cewa Allah ne ya yi sandararriyar ƙasa da abin da ke kanta, ya kuma dube ta ya yaba. Marubucin Zabura ta 121 ya dubi duwatsu, amma bai nemi taimako a wurinsu ba, ya nema a wurin wanda ya yi su. Manzo Bulus kuma, a Romawa sura ta 1, ya tsawata wa masu ba halitta girman da ya dace da Mahalicci. Dutse ba abin bauta ba ne, ba kuma abin gudu ba ne. Aikin hannun Ubangiji ne.

Kuskure na biyu yakan biyo bayan warkewa daga na farko, shi ya sa ya fi wuyar ganewa. Mutum ya gane babu wani allah a cikin dutse, sai ya ce ashe tsakuwa ce kawai da ba a fasa ba tukuna. Daga nan sai ya fara lissafin tifa nawa za ta fito, fuloti nawa za a yanka a gindinsa, allon talla nawa zai ɗauka. Wanda ya ce dutse ba allah ba ne ya faɗi gaskiya. Amma idan ya zarce ya ce dutse ba na kowa ba ne, ya kauce, domin Zabura ta 24 ta buɗe ne da shaida cewa duniya duka mallakar Ubangiji ce. Abin lura shi ne, mutanen dā da suke tsoron wurin sun bar itatuwansa a tsaye saboda tsoron. Abin kunya ne a ce hasken bishara ya kawar da tsoro, sa'an nan ba a sami wani abu mafi kyau da zai riƙe hannun mai gatari ba. Abin da ya kamata ya maye gurbin tsoron iskoki shi ne tsoron Allah, wanda yake haifar da riƙon amana.

Cinikin amfani, ba cinikin gona ba

A Farawa 2:15 an ba mutum aiki biyu a gonar Aidan: ya yi noma, ya kuma yi tsaro. Ba a ce ya zaɓi ɗaya ba. Wanda ya hana a taɓa komai ya yar da rabin umarnin, wanda ya cinye komai ya yar da ɗaya rabin. Don haka neman abinci ta hanyar baƙin da suke zuwa kallon dutse ba zunubi ba ne. Mai otal da mai tuwo da ɗan jagora da mai ɗaukar hoto duk suna iya cin halaliyarsu. Tambayar ita ce ko cin yau zai bar na gobe.

Littafin Firistoci sura ta 25 ya ba da ma'auni mai amfani ƙwarai. A dokar da aka ba Isra'ila, ba a sayar da gona har abada, domin ƙasar ta Allah ce, mutane kuwa baƙi ne a kanta. Idan talauci ya sa mutum ya sayar, abin da ake yi wa kuɗi shi ne yawan girbin da ya rage kafin shekara ta 50, lokacin da gonar za ta koma hannun iyalin da suka gaje ta. Mai saye yana sayen amfani ne, ba ya sayen ƙasa.

Wannan shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin yawon buɗe ido mai ɗorewa da wanda ba shi da gobe. Amfanin gonar Zuma shi ne kyan ganinsa, da inuwar itatuwansa, da tsuntsayensa, da tarihin mutanensa, da natsuwar da mutum yake samu idan ya tsaya a gindinsa ya ga ƙanƙantar kansa. Ana iya sayar da wannan amfani yau, a sake sayarwa gobe, jikoki ma su sayar, bai ragu ba. Amma dutsen da aka fasa da nakiya sau ɗaya ake sayar da shi. Itacen da aka mayar gawayi sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Filin da aka cika da gine-gine har suka tare fuskar dutsen ba ya dawowa. Manomi ya san sunan wannan hali, shi ne cin iri.

Ko dokar ƙasa ma da wannan harshe take magana. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amma ta ce a matsayin amana domin amfanin jama'a. Mai riƙon amana kuwa ba shi da ikon yin yadda ya ga dama, kuma akwai ranar da zai ba da lissafi. Duniya ma ta daɗe da gane cewa duwatsu da baƙin da suke ziyartarsu magana ɗaya ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2002 domin duwatsu, ta kuma keɓe ita wannan shekarar domin yawon buɗe ido mai kiyaye muhalli.

Tambayar Nabot

Kiyaye dutse kaɗai bai isa ya sa tsari ya zama na adalci ba. Ana iya kiyaye itatuwa a zalunci mutane. A nan ne labarin Nabot da ke 1 Sarakuna sura ta 21 yake da abin koyarwa.

Sarki Ahab ya ga gonar inabin Nabot a maƙwabtaka da fadarsa a Yezreyel, ya so ya mayar da ita lambu. Da farko bai zo da ƙwace ba. Ya yi tayin musaya da gona mafi kyau, ko kuwa kuɗi daidai darajarta. Nabot ya ƙi, domin gādon kakanninsa ce. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: Yezebel ta rubuta wasiƙu, ta buga hatimin sarki, dattawan gari suka kira taro, aka kawo shaidu biyu, aka yanke hukunci, aka kashe Nabot. A takarda komai ya cika. Duk da haka Ubangiji ya aiki annabi Iliya ya tarbi sarkin a cikin gonar.

Darasi biyu ne a nan ga masu tsara ƙasa. Na ɗaya, farashi mai kyau ba shi ne yarda ba. Na biyu, cikar takardu ba ita ce adalci ba. Ba a kawo labarin don a kira wani Ahab ba. An kawo shi ne domin kwaɗayin abin da ke maƙwabtaka da fada tsohon ciwo ne, Zuma kuwa a bakin ƙofar fadar ƙasa yake.

Mutanen yankin ba baƙi ba ne ga wannan magana. Da aka ƙirƙiro babban birnin, niyyar farko ita ce a kwashe mazauna ƙasar gaba ɗaya a sake musu matsuguni, daga baya aka sauya shawara saboda tsadar aikin. Garin Sabon Wuse da ke kan hanyar Kaduna, hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa, shaida ne na waɗanda aka tayar daga tsohon Wuse. Har yau Gbagyi da sauran 'yan asalin ƙasar suna maganar diyya da filayen noma. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Idan manomin gindin Zuma ya ga baƙi da na'urar awo ya ɓata rai, ba jahilci ba ne, tuni ne.

A wasu ƙasashe ma an gani. A Yuganda, da aka mayar da dazuzzukan duwatsun Bwindi da Mgahinga gandun ƙasa a 1991 domin kare goggon biri, 'yan ƙabilar Batwa da suka rayu a dajin tun kaka da kakanni sun rasa wurin zama da hanyar abinci. Dabbobin sun tsira, baƙi suna zuwa da daloli, masu gida kuwa suka koma 'yan kallo a bakin shinge.

Akwai kuma misali na wata hanyar dabam. A tsakiyar ƙasar Ostareliya akwai dunƙulallen dutse mai suna Uluru, tsawonsa mita 348, kusan sa'an Zuma. A 1985 gwamnati ta mayar da mallakarsa ga 'yan asalin wurin, wato Anangu, su kuma suka ba hukumar gandun daji hayarsa na shekara 99, da sharaɗin su ne mafi yawa a kwamitin da ke gudanar da shi. Shekaru da yawa suna roƙon baƙi kada su hau dutsen. A 2017 kwamitin ya yanke shawara, a watan Oktoba na 2019 kuma aka rufe hawan gaba ɗaya. Baƙi ba su daina zuwa ba. Suna zagaya gindinsa da ƙafa, suna sauraron masu wurin suna ba da tarihinsa. Ba lalle ne Zuma ya kwafi wannan hukunci ba, amma ya kamata ya kwafi tsarin zaman: masu gida a kan kujera, da ikon cewa a'a.

Saboda haka duk wani shiri da aka kawo domin Zuma, akwai tambayoyin da za a auna shi da su. Shin an zauna da ƙauyukan gindin dutsen kafin a kafa turken farko, ko sai bayan an gama aka kira su su yi rawa a bikin buɗewa? Kuɗin shiga, aljihun wa yake faɗawa, kuma wa yake iya duba littafin? 'Ya'yan wurin za su zama jagorori da manajoji, ko gadi da shara kaɗai aka tanadar musu? Kaburburan kakanni, da hanyar rafi, da hanyar gona, an zana su a taswira ko an share su? Shirin da ya kasa amsa waɗannan, ko da ya dasa itace dubu, bai kai a sa masa albarka ba.

Tsari shi ne sanin iyaka

Hausawa suna cewa tun ran gini, ran zane. Mutane sukan ɗauka tsari shi ne jerin abubuwan da za a gina. A wuri irin Zuma, rabin tsari mafi nauyi shi ne jerin abubuwan da aka yi alkawarin ba za a yi ba, ko da an zo da kuɗi.

A aikace, masu kula da irin waɗannan wurare sukan raba ƙasa zobe uku. Zobe na ciki shi ne dutsen kansa: ba fasawa, ba fenti, ba allon talla, hawa kuma sai ta hanyar da aka keɓe tare da ɗan jagora. Zobe na biyu ɗamara ce ta itatuwa da gonaki, inda ake maido da ɗorawa da kaɗanya da maɗaci, manoma su ci gaba da aikinsu, amma ba a yanka fuloti. Zobe na uku shi ne garuruwan da suke nan tun dā, inda ya kamata masaukai da kasuwanni da tashoshin mota su kasance, domin kuɗin baƙo ya shiga hannun mutanen gari.

Dole kuma tsarin ya zama na yanki gaba ɗaya, domin ruwa da iska da baƙo ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba. Zuma yana tsaye ne a inda Jihar Neja ta yi kafaɗa da Babban Birnin Tarayya, Jihar Kaduna kuma ba ta da nisa. Kogin Gurara, wanda magangarar ruwansa take kan hanyar Suleja zuwa Minna, daga ƙasar Kaduna yake gangarowa, kuma daga madatsarsa ake tura ruwa zuwa dam ɗin Usuma domin shan mutanen Abuja. Abin da aka yi a sama, na ƙasa ne yake shan sakamakonsa. Mutanen Suleja sun ɗanɗana wannan a daminar 2017, lokacin da ambaliya ta ci rayuka da gidaje. Tudun da aka aske wa itatuwa ba ya riƙe ruwan sama, gidan da aka gina a hanyar ruwa kuwa ruwa ba ya yi masa kara.

Tsarin yanki yana da wata riba. Baƙon da ya tsaya a bakin titi ya ɗauki hoto ya koma Abuja bai bar wa Suleja komai ba sai ƙura. Amma yankin yana da abin da zai riƙe shi kwana biyu. Ga dutsen, ga magangarar ruwan Gurara, ga fadar Sarkin Zazzau Suleja da tarihinta, ga kuma gādon ginin tukwane. A garin nan ne Bature Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta zama mace ta farko a wurin, har aikin hannunta ya zaga duniya, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Idan aka haɗa waɗannan a zare ɗaya, nauyin baƙi ba zai taru a wuri guda ba, amfanin kuma zai bazu.

Game da yawan baƙi, ƙasar Ruwanda ta nuna cewa iyaka ba asara ba ce. A gandun duwatsunta, mutum takwas kaɗai ake bari su ziyarci iyali ɗaya na goggon biri a rana, na awa ɗaya tak. Tun 2017 kuɗin izinin dala 1,500 ne, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen ana ware shi domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye. Zuma ba shi da goggon biri, kuma bai kamata a sa farashin da ɗan makarantar Suleja ba zai iya shiga ba. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: a san iyaka, a kuma rubuta rabon maƙwabta a doka. Mai bi ba zai yi mamakin wannan ba, domin a Fitowa sura ta 23 an umarci Isra'ila su bar gona ta huta a shekara ta bakwai, matalauta da namomin jeji su ci abin da ya tsiro.

Sai kuma lissafi. Matafiya da suka saba bin hanyar sun san wani babban ginin otal a kusa da dutsen wanda ya yi shekaru da yawa tsaye ba a gama shi ba. A Luka sura ta 14 Yesu ya yi misali da mai ginin hasumiya wanda bai zauna ya yi lissafi ba, ya sa harsashi ya kasa gamawa. Gara ƙaramar hanya ta ƙafa mai tsabta, da makewayi mai ruwa, da jagorori horarru, da babban gini wanda jemagu za su gāda. A cikin lissafin har da zaman lafiya. Iyalan Kirista na yankin ba su manta da harin da aka kai cocin Katolika na Santa Teresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011 ba. Baƙo ba ya kwana inda hankalinsa bai kwanta ba, kuma babu tsaron da ya kai maƙwabta waɗanda kowannensu yake da rabo a abin da ake tsarewa.

Mai yunwa fa?

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da bai kamata a tsallake ba. Saurayin da ba shi da aiki zai ce maganar jikoki ta mai ƙoshi ce, shi yau yake jin yunwa. Matar da take sarar itace ba don ƙeta take yi ba, tsadar gas da kananzir ce ta kore ta zuwa daji. Mai fasa dutse da guduma a rana yana neman kuɗin makarantar 'ya'yansa ne. Wanda ya ce musu su dakata, bai kuwa nuna musu wata ƙofa ba, ya ɗora musu kayan da shi bai taɓa da yatsa ba.

Ƙorafin gaskiya ne, amma bai rushe maganar amana ba, ya nuna inda nauyinta ya kamata ya faɗa. Mafi yawan ɓarnar da ba ta gyaruwa ba talaka ne yake yinta ba. Mai nakiya da buldoza da takardar fili ya fi mai guduma ɓarna nesa ba kusa ba. Don haka hani ya fara daga kan mai ƙarfi. Ga marar ƙarfi kuwa, kowane hani ya zo tare da madadinsa: wanda aka hana sara a ɗauke shi aikin reno da dashe, wanda ya san kowane lungu na dajin ya zama ɗan jagora, matan da suke gina tukwane da masu man kaɗe su sami rumfa a inda baƙi suke sauka. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma sanin da tsofaffin ƙauyukan suke da shi game da tsirrai da tarihi jari ne da ba a sayowa daga waje. Idan kuwa an cinye irin, talakan nan ne zai fara shan wuya, domin mai kuɗi yana da inda zai koma.

Rabon gida da ikilisiya

Ikilisiya ba ta zana taswira, amma tana renon waɗanda suke zanawa. A kujerun sujada akwai ma'aikatan filaye, da kansiloli, da 'yan kwangila, da dillalan fuloti. Dillalin da ya san fili a hanyar ruwa yake ya sayar wa baƙo ya yi shiru, ya karya doka ta takwas da ta tara, ko da ya fitar da zakka daga ribar. Ma'aikacin da aka kawo wa takarda ya sa hannu a kan ɗamarar itatuwa, lokacin shaidarsa ne ya zo.

Ya kamata masu bi su dubi nasu halin a kan duwatsu. Al'adar hawa dutse domin addu'a da azumi ta yaɗu, kuma keɓewa domin addu'a abu ne da Ubangiji Yesu kansa ya yi. Amma sau da yawa abin da ake bari a baya shi ne ledojin ruwa, da toka, da sunayen ƙungiyoyi da fenti a jikin dutse. A Yahaya sura ta 4 Yesu ya nuna wa matar Samariya cewa karɓar sujada ba ta rataya ga wani dutse ba. Dutse ba ya ƙara wa addu'a ƙarfi, ƙazantar da aka bari kuwa tana rage wa shaida ƙarfi. Ƙungiyar matasa ko zumuntar mata da ta je wuri ta bar shi da tsabta fiye da yadda ta same shi ta yi wa'azi ba tare da lasifika ba.

Wannan kuma aiki ne da ba a yinsa da hannu ɗaya. Kalmar amana kalma ce da maƙwabci Musulmi ya sani ya kuma girmama. Fasto da liman da mai unguwa suna iya zama a tabarma ɗaya su nemi a nuna wa jama'a taswirar yankin kafin a amince da ita, su nemi a riƙa karanta lissafin kuɗin shiga a fili. Dutsen yana yi wa coci da masallaci inuwa ɗaya.

A gida kuwa abin ya fi sauƙi. Uba ya ɗauki 'ya'yansa wata Asabar ya kai su gindin Zuma, ya bar su su ɗaga kai har wuya ya gaji. Ya gaya musu wanda ya yi shi, ya gaya musu sunayen mutanen da suka zauna a wurin kafin a haifi kakansu, ya saya musu abinci daga hannun matar ƙauyen ba tare da ya matse ta a ciniki ba, sa'an nan su tattara ledojinsu su koma da su. Yaron da aka yi wa haka, idan ya girma ya zauna a ofis aka kawo masa takardar da za ta sayar da abin da ba na sayarwa ba, zai tuna da ranar.

Dutsen Zuma ya ga Koro da Gbagyi, ya ga Makau da Abu Ja, ya ga Turawa sun zo sun tafi, ya ga birni ya tsiro a inda dā daji ne. Kowane zamani ya karɓe shi ya miƙa. Na yanzu ne na farko da yake da injunan da za su iya sāke masa kama, shi ya sa tambayar da za a yi masa ta fi ta na baya nauyi. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa abin da ake nema ga mai riƙon amana shi ne aminci. Allah ya ba shugabanni da iyalai na wannan yanki zuciyar da za ta ci amfani ta bar gona, domin waɗanda ba a haifa ba tukuna su tarar da dutsen da inuwarsa, su yabi Mahaliccinsa. Amin.